Wuƙar Ja da Sassaƙar Baka: Abin da Aka Fere Ba Ya Komawa

Gaisuwa ta musamman ga maharba da masassaƙa da maƙera, domin sharhinmu na yau a ƙofarku zai ya da zango.

Zancenmu a kan wata wuƙa ne. Wuƙa ce mai ƙota biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ruwanta a tsakiya. Mai aiki yakan riƙe ta da hannu biyu, ya ɗora a kan itace, ya jawo ta zuwa gare shi. Shi ya sa za mu kira ta wuƙar ja. Da ita masu sassaƙa baka a Turai da Amurka suke fitar da siffar baka daga tsagin itace. Mu a nan gizago muka fi sani, da gatari, da 'yar wuƙar kankara. Amma a yau duk mai waya a hannu yana iya ganin yadda ake aiki da wuƙar ja, kuma wanda ya gani yakan yi sha'awa.

To, idan za ka mallaki irin wannan wuƙa don sassaƙa baka, wacce za ka ɗauka? Ga amsata tun daga farko, ku riƙe ta har ƙarshen shiri. Abin da aka fere ba ya komawa. Saboda haka nemi wuƙar da za ta tsaya a inda ka ce ta tsaya.

Kafin mu shiga batun wuƙa, bari mu ba baka haƙƙinsa. Wani zai ce a wannan zamani me ya rage wa kwari da baka? Ai tarihinmu ma ya ishe mu amsa. A yaƙin Tabkin Kwatto, a shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo dawakinsu kaɗan ne. 'Yan baka ne suka tsaya gaban mahayan Gobir, kuma suka yi rinjaye. Har gobe maharbanmu suna rataye da kwari. A duniya kuwa harbin kibiya wasa ne da ake fafatawa a kansa har a gasar Olamfik. Sana'ar da ke da irin wannan asali ta cancanci a san kayan aikinta da kyau.

Yanzu mu dubi shi bakan kansa, domin wanda bai san baka ba, ba zai san wuƙar da ta dace da shi ba. Ɗauki ɗanyar sanda ka tanƙwara ta a gwiwarka. Gefen waje yana miƙewa. Gefen ciki yana matsewa. Haka baka yake duk lokacin da aka ja tsirkiya. Gefen da ke kallon abin da za a harba shi ne bayan baka, kuma shi ke shan miƙewa. Gefen da ke kallon maharbi shi ne cikin baka, shi ke shan matsi.

Ku tuna igiyar guga a bakin rijiya. Muddin zarenta na nan lafiya, za ta ɗauko ruwa shekara da shekaru. Ranar da aka yanke zare kaɗan daga jikinta, daga nan za ta fara warwarewa, daga nan kuma za ta tsinke. Jijiyoyin itace a bayan baka haka suke. Dole su tashi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da an datse su ba. Wuƙa ta nutse sau ɗaya a inda bai kamata ba, shi ke nan. Bakan zai yi kyau a ido, a ɗaura masa tsirkiya, a ja sau goma lafiya. Wata rana sai ka ji ƙara, ya tashi biyu a hannunka.

Wannan ba da jin labari na san shi ba. Na taɓa ajiye tsagin itace na shekara guda cur ina jira ya bushe. Ranar da na zo sassaƙa shi, ina cikin sauri, wuƙa ta shige ƙarƙashin wani ƙulli ta ɗago ɓamɓaroki mai tsawo daga bayansa. Na tsaya ina kallon abin da ya fita. Babu manne, babu ɗinki, babu dabarar da za ta mayar da shi yadda Allah ya halicce shi. Jiran shekara ya tafi a ja ɗaya. Tun daga ranar nake cewa abin da aka fere ba ya komawa.

Masu saurare, mu leƙa ƙasashen da wannan wuƙa ta yi suna, mu ga abin da itatuwansu suka koya musu.

A Ingila, dogon bakansu na yaƙi da wani itace ake yin sa mai suna yiw. Wannan itace kala biyu gare shi. Na kusa da ɓawo fari ne, yana jure miƙewa. Na can ciki ja ne, yana jure matsi. Sai masassaƙi ya bar farin a bayan baka, jan kuma a cikinsa, kamar itace biyu ne aka haɗa tun daga tushe. Sun ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai. A shekarar 1472 suka kafa doka cewa jiragen 'yan kasuwa masu shigo da kaya su riƙa haɗowa da sandunan yin baka. Kafin nan ma, a 1371, an hana masu yin baka na birnin Landan aiki da dare, domin bakan da aka yi a duhu ba ya kai na rana inganci. Ku lura da wannan. Aikin na ido ne kafin ya zama na hannu. Kuma da aka ɗago jirgin yaƙin nan Meri Ros daga teku a 1982, wanda ya nutse tun 1545, an samu bakuna fiye da ɗari a cikin kayansa. Masana sun duba su, sun ga yadda masassaƙan wancan zamani suka bi jijiyar itace, suka bar tudu a inda ƙulli yake maimakon su datse shi.

A Amurka kuwa akwai wani itace mai launin rawaya da ake kira Osej, sunan wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar da ta shahara da yin baka da shi. A ƙasashen sanyi itace yakan ƙara zobe ɗaya a jikinsa kowace shekara. Kowane zobe yana da ɓangare mai tauri da ɓangare mai garas-garas. Mai yin baka da Osej sai ya cire ɓawo, ya cire farin itacen da ke ƙarƙashinsa, sannan ya zaɓi zobe guda mai kauri. Wannan zoben zai bi, daga kai zuwa kai, yana ɗaye na samansa a hankali, ba tare da ya huda shi ba. Aikin kwanaki ne ga sabon shiga. Kuma a nan ne wuƙar ja take nuna halinta, ko na kirki ko na tsiya.

Akwai kuma fararen itatuwa irin su hikori. Su ba sa buƙatar wannan wahala. A ɓare ɓawo kawai, fuskar da ta bayyana ita ce bayan baka. Wannan darasi ya fi kusa da mu, domin itatuwanmu na ƙasashen zafi da yawa ba sa nuna zobe a fili. Abin da ya fi aminci shi ne ka ɓare ɓawo a hankali, ka bar fuskar da ke ƙarƙashinsa yadda take, ka mai da sassaƙarka gefe da ciki.

To, mun san baka, mun san itace. Yanzu mu shiga zaɓen wuƙa. Abu na farko shi ne tsawonta.

Ido yakan so babba. Ka ga doguwar wuƙa mai nauyi, ranka ya ce wannan ita ce ta maza. Irin waɗannan an yi su ne don ɓare gungume da gyaran ginshiƙi. Sandan baka kuwa faɗinsa bai wuce 'yan yatsu uku ko huɗu ba. Doguwar wuƙa tana raba hannayenka nesa da juna, ƙarfi ya yi yawa, iko ya ragu. Ƙarama sosai kuma tana kawo 'yan yatsunka kusa da itace, su riƙa gogar sa, kuma ba ta da nauyin da za ta ɗaye busasshen ɓawo. Yawancin masu wannan sana'a sun fi natsuwa da mai ruwa inci 8 zuwa 10, wato kimanin taƙi guda. Idan ka riƙe ta, hannayenka su zama daidai faɗin kafaɗunka ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan ita ce za ta ji maganarka.

Abu na biyu shi ne siffar ruwanta. Akwai miƙaƙƙiya, akwai mai ɗan lanƙwasa. Miƙaƙƙiya ta fi sauƙin wasawa, kuma ta fi fitar da gefe a miƙe. Mai ɗan lanƙwasa tana taɓa itace a wuri ƙanƙane, don haka tana iya shiga kwari da kewaye ƙulli. Ga wanda zai sayi guda ɗaya tak, shawarata ya fara da miƙaƙƙiya, ko wadda lanƙwasarta ba ta da yawa. Mai lanƙwasa sosai kamar baka, wannan ta masu rarake kujera da akushi ce, ba ta aikinmu ba.

Sai abu na uku, wanda mutane suka fi mantawa da shi, wato ƙota. Ina roƙonku ku ba ni kunnuwanku a nan.

Ruwan wuƙar ja fuska biyu gare shi. Ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce, ɗaya kuma tana da gangara zuwa baki. Idan ka kwantar da shimfiɗaɗɗiyar a kan itace, wuƙar za ta ci da yawa, ta fitar da dogon ɓamɓaroki, amma tana son nutsewa. Idan ka juya ta, gangarar ta kwanta a kan itace, sai ta zama kamar tana da linzami. Ka ɗan ɗaga hannu ta shiga, ka ɗan sauke ta fito. Mai bin zobe da mai kewaye ƙulli wannan riƙon suka fi so, domin shi ne ke ba wuƙa damar fitowa kafin ta yi ɓarna.

Ga inda ƙota ta shigo. Yadda aka karkata ƙotocin shi ke nuna wace fuska wuƙar ta fi son kwanciya a kai. Wata an yi ta don wannan riƙo, wata don wancan, wata kuma tana karɓar duka biyu. Ta yaya za ka gane? Ɗora ta a kan allon katako kamar za ka yi aiki. Dubi wuyan hannunka. Idan ya miƙe daidai da damtsenka, ba ka murɗa shi sama ko ƙasa ba, to ta dace da kai. Juya ta ka sake gwadawa. Idan sai ka karya wuyan hannu kafin bakinta ya kama itace, ajiye ta. Za ta gajiyar da kai kafin azahar, kuma hannun da ya gaji shi ke ɓarna.

Ka kuma girgiza ƙotar. Wutsiyar ƙarfen ya kamata ta ratsa ƙotar ta fito ta ƙarshe, a lanƙwashe ta ko a dake kanta. Ka tuna, jan wuƙar nan ake yi. Ƙotar da aka cusa kawai, ba da daɗewa ba za ta zare a hannunka, kana tsakiyar ja da ƙarfi. Allah ya kiyaye.

Abu na huɗu shi ne ƙarfen. Wuƙar kirki da ƙarfe mai tauri ake yin ta, wanda aka ƙona aka tsoma, sannan aka ɗan sassauta taurinsa da wuta. Idan ya yi laushi, bakinsa zai naɗe a kan busasshen itace. Idan taurin ya wuce kima, zai riƙa ɓantarewa. Gwajin mai sauƙi ne. Goga magagari a kusa da bakin. Idan ya ci ƙarfen kamar yana cin ƙusa, wuƙar ta yi laushi. Ƙarfen kirki yakan yi wa magagari gardama.

A nan bari in taɓo tsohuwa da sabuwa. Akwai kamfanoni masu ƙera sababbi masu kyau, irin su Gränsfors Bruk a Suwidin da Pfeil a Suwizalan. Amma da yawa daga masu yin baka a Amurka tsofaffi suke farauta a kasuwar gwanjo, masu tambarin Witherby ko Greenlee ko Pexto. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai tsohuwa tana da abin dubawa. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, gogewa za ta yi. Abin gudu shi ne ramukan da tsatsa ta haƙa a shimfiɗaɗɗiyar fuskar, kusa da baki. Duk wasawar da za ka yi, idan baki ya iso ramin, giɓi zai fito. Wani abin kuma, wasu tsofaffin wuƙaƙen jikinsu ƙarfe ne mai laushi, bakin kawai aka liƙa wa mai tauri a wuta. Idan an shekara ana wasa ta har ta sirance, mai yiwuwa mai taurin ya ƙare. Don haka dubi faɗin ruwanta. Wadda ta koma kamar tsinke ta gama aikinta.

Sabuwa mai arha kuma a yi hattara da ita. Wasu suna zuwa da baki mai kauri kamar na fartanya, da fenti mai ƙyalli, da ƙota mai rawa. Araha ba ta ado. Kuɗin da ka rage a kasuwa, a kan dutsen wasa za ka biya shi da guminka.

To, mai saurare na ƙauye zai ce, Malam, ni ina zan ga Suwidin? Ɗan'uwa, ba sai ka je ba. Wannan wuƙa asalinta aikin maƙera ne. A tsibirin Gotlan na ƙasar Suwidin, a 1936, wani manomi yana huɗa ya tono akwatin kayan aikin wani maƙeri na kimanin shekara dubu da suka wuce, kuma akwai irin wannan wuƙa a ciki. Da zuga-zugi da masaba da uwar maƙera aka yi ta, irin waɗanda ke maƙerar garinku. Maƙeranmu da ke fitar da gizago da lauje da wuƙar yanka daga tsohon sifirin mota, wannan ba za ta gagare su ba.

Abin da ake buƙata shi ne ka je da bayani. Ka gaishe shi da girmamawa, ka zauna, ka zana masa a ƙasa. Ka ce, Baba maƙeri, ruwanta taƙi guda nake so. Fuska ɗaya a shimfiɗe sumul, ɗaya da gangara. Wutsiya biyu su lanƙwaso wajena, su ratsa ƙota. Kafin ya ɗaura ƙotocin, ka riƙe ta ka gwada a kan itace, a gyara karkatar tun ƙarfe na karɓar gyara. Wannan gata ne da mai saye daga kanti ba ya samu. Wuƙar da aka auna da hannunka ta fi wadda aka auna da hannun wani.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama rediyonku, muna magana ne a kan zaɓen wuƙar ja don sassaƙa baka. Kuma maganarmu ɗaya ce. Abin da aka fere ba ya komawa, don haka a nemi wuƙar da za ta tsaya inda aka ce ta tsaya.

Yanzu mu zo kan abu na biyar, wanda zai ba wasu mamaki. Batun kaifi ne.

Kowa ya san wuƙa da kaifi ake yabonta. Wajen rage gefen sanda da fitar da siffar baka, haka ne, kaifi ake so, irin wanda zai fere itace ya bar shi yana sheƙi. Wuƙa mai kaifi ba ta buƙatar a yi mata dole, kuma wadda ba a yi wa dole ba ba ta kufcewa. Amma wajen bin zobe a itace irin Osej, da yawa daga gwanaye sun fi son wadda ta ɗan dakushe. Me ya sa? Mai kaifi sosai ba ta bambanta zobe da zobe, duk abin da ta tarar yanka shi take yi. Wadda ta ɗan dakushe kuwa takan bi ta ɓangaren nan mai garas-garas, ta ɗaga na sama kamar ana ɓare rogo, ta zame a kan mai taurin ba ta cije shi ba. Har kunne yakan ji bambancin. Shi ya sa wasu suke ajiye biyu, ɗaya don yanka, ɗaya don ɗayewa. Idan guda gare ka, fara aikin bayan baka kafin ka wasa ta sosai, sannan ka wasa ta don gefe da ciki.

Wajen wasawa kuma, a bi sannu. Kafe ƙota ɗaya a jikin benci, ka riƙe ɗayar, ka goga dutse a kan wuƙar, 'yan yatsunka suna bayan baki. Ka kiyaye shimfiɗaɗɗiyar fuskar, kada ka yi mata gangara ta biyu. Ka gama da fata, kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Injin wasa kuwa a yi hankali da shi. Da zarar bakin ya yi zafi ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi. Sannan a ɗinka mata kube. Sau da yawa ba a wajen aiki wannan wuƙa take yankan mutum ba, a wajen wasawa ne, ko lokacin da aka kai hannu cikin jaka aka tarar da ita tsirara. A gidan da yara suke, a rataye ta inda hannunsu ba ya kaiwa.

Bari mu ɗan taɓa yadda ake riƙe itacen, domin wuƙa mai kyau a kan sanda mai rawa ɓarna ce. Hannayenka biyu suna kan ƙota, to wa zai riƙe maka itacen? Turawa suna da wani benci da suke kira dokin sassaƙa. Mutum ya hau kamar ya hau doki, ya taka wani katako da ƙafa, shi kuma ya danne sandan. Iya ƙarfin janka, iya ƙarfin dannewar. Kowane kafinta zai iya haɗa shi. Idan babu, a ɗaure sandan tam a jikin turke ko benci.

Idan ka fara ja, kada ka riƙe wuƙar a gicciye sak. Ɗan karkata ta, ka riƙa zamar da ita gefe tana tafiya, kamar mai yanka nama. Ka sa ido a kan ɓamɓarokin da ke fita. Idan ka ga tsaga tana gudu gaban wuƙa tana nutsawa cikin itace, tsaya nan take. Juya sandan ka biyo ta ɗaya ɓangaren. Itace yana faɗa maka inda yake so a bi, kai dai ka saurara. Idan ka iso ƙulli, kewaye shi, ka bar masa tudunsa. Kuma ka yi aikinka da hasken rana, kamar yadda aka wajabta wa masu yin baka na Landan.

Saura magana guda, kuma ita ce cikon zaɓe. Sanin lokacin da za a ajiye wuƙar.

Wuƙar ja tana kai ka ne bakin kogi, ba ta haye da kai. Da zarar sanda ya fara lanƙwasa idan ka tokare shi a ƙasa ka danna, aikinta ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne daidaita hannayen baka biyu, su lanƙwasa daidai, kowane taƙi ya ɗauki rabonsa na nauyi. A wannan mataki ɗan abin da ka cire daga kauri yana rage ƙarfin baka da yawa. Nan wurin magagari ne da kankara. A kankare kaɗan, a ja a duba. A sake kankarewa, a sake dubawa. Bakuna da yawa a nan suke mutuwa, domin mai su ya ji daɗin wuƙa ya kasa rabuwa da ita. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani mutum mai suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi ta jihar Kalifoniya. A 1911 ya fito daga daji ya shigo cikin mutane, ya rasu a 1916. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, a wurinsa ya koyi baka da kibiya, kuma ta hannun wannan likita sha'awar farauta da baka ta sake tashi a Amurka. Mutanen Ishi da kankara da gogawa a kan dutse suke gyara bakansu. Haka kakanninmu, da gizago da 'yar wuƙa suka yi bakunan da suka ci yaƙi suka ciyar da gida. Abin da suke da shi shi ne ido da haƙuri. Wuƙar ja tana rage maka wahala, tana rage maka kwanaki. Idon da haƙurin kuwa kai za ka zo da su.

Jama'a masu saurare, lokaci ya yi halinsa. Ga saƙona gare ku.

Kai matashi mai sha'awar wannan sana'a, kada ka fara da itacen da kake ji da shi. Samo reshen banza ka koyi halin wuƙarka a kansa, har hannunka ya san lokacin da za ta nutse tun kafin ta nutse. Ka je wurin tsofaffin maharban garinku, ka durƙusa ka gaishe su, ka tambaye su itacen da suke yanka da lokacin da suke yankan sa. Wannan ilimi a ƙirjinsu yake, kuma ba za su dawwama ba. Ku kuma iyayenmu maƙera, idan yaro ya zo muku da zanen wuƙa mai ƙota biyu, ku karɓe shi hannu biyu. Wanda kuma ya sare itace don baka, ya dasa wani a madadinsa, domin jikansa ma ya samu abin sassaƙa.

Idan ka tashi zaɓe, ɗauki mai tsawon taƙi, mai ƙota tsayayya, mai ƙarfen kirki, wadda wuyan hannunka ya natsu da ita. Idan ka ɗora ta a kan itace, yi bismilla, ka ja kaɗan, ka duba. Abin da ka bari, gobe ma kana iya cire shi. Abin da aka fere ba ya komawa.

Allah ya yi wa sana'o'inmu albarka, ya tsare hannayenmu, ya ba mu haƙurin aiki.